Kuɗin Murfi

Kana wurin, kada ka ce ba ka nan. Kana zaune kusa da taga da wuƙa da cokali a hannunka lokacin da Mosh Gavril, wato dattijo Gavril, ya turo ƙofar gidan abincin da kafaɗa, rungume da akwatin kwalabe, kwat ɗinsa ta jiƙe a hammata. Ka ga kwalaben. Ka kuma san abin da gidajen abincin birnin Kishinau suke yi wa duk wanda ya shigo da giyar inabinsa daga waje, domin an taɓa yi maka, an taɓa yi wa rabin mutanen da ke zauren. Amma ka sunkuyar da kai ka ci gaba da yankar namanka.

Gavril ya dire akwatin, ya koma waje ya kwaso sauran biyun daga motar haya. Ranar aka yi wa jikarsa ta fari baftisma. Ana fitowa daga coci ya zame ya koma tasha, inda ya bar kayan a hannun wata mai sayar da cuku 'yar ƙauyensu, shi ya sa ya iso walimar an riga an fara ci.

'Yarsa Otilia, wadda ita kaɗai gare shi, ta taho da sauri tana tattare gefen rigarta.

"Baba, mene ne wannan?"

"Giyarmu mana. Ba ki gane ta ba?"

"Ina tulun? Ba na ce ka kawo ta a tulu ba? Har sau biyu na faɗa maka a waya."

"Tulu, a bikin birni?" Ya zaro kwalba ɗaya ya ɗaga ta wajen haske. "Duba ki gani. Ko a kanti sai haka."

Gaskiya ya faɗa. Ya bi gidajen maƙwabta ya tara kwalaben, ya jiƙa su har takardun jikinsu suka saɓule, ya dafa murafun a tukunya ya buga su ɗaya bayan ɗaya da gudumar katako, sannan ya tsoma bakin kowace a cikin narkakken kakin zuma. Giyar kuwa daga kurangar inabin da marigayiya matarsa Aksenia ta dasa take, kuma ya ware gangarta daban tun ranar da Otilia ta gaya masa tana da ciki.

Kowa a ƙauyen da tulun gilashi mai rigar kwando yake kai giyarsa biki, kuma Gavril ma haka ya saba. Abin da ya canja shi ya faru ne a bikin Ista, a gidan Anatol, uban mijin Otilia, mai shagunan kayan gini. Gavril ya ɗora tulunsa a kan tebur, Anatol ya dafa shi ya ce, "A'a, ga maganin ƙauye ya iso, masu ciwon baya ku matso." Aka yi dariya. Otilia ma ta ɗan yi, tana kare baki da hannu. Dariyar sauran ba ta dame shi ba, tata ce ta bi shi har gida.

Yanzu Otilia tana kallon akwatunan, fuskarta ta sauya. Ta yafito wata ma'aikaciya mai farin gashi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kunnen Gavril bai tsufa ba tukuna.

"Ki kai su bayan maratayar kwat. Biyu kawai za ki buɗe. Biyu kawai, don Allah."

Ta juyo ta sumbace shi a kunci, ta ce ya zo ya zauna abinci yana hucewa.

An ba shi kujera a babban tebur, amma can ƙarshe, kusa da Tanti Frosia, 'yar gwaggonsa da ba ta iya riƙe bakinta. A tsakiya Anatol yake, da jaririyar a hannunsa cikin farin mayafi. Emilia aka sa mata, sunan uwar Anatol. Babu wanda ya ambaci Aksenia.

"Surukina!" Anatol ya ɗaga murya daga inda yake. "Mun ɗauka bas ɗin ta sayar da kai a hanya. Zauna, zauna. A zuba masa, ya ɗanɗani abin da ake kira giya."

Aka zuba. Gavril ya kurɓa. Ya so ƙwarai ya same ta da tsami ko ɗaci, amma ba ta da laifi, kuma wannan ya fi komai ɓata masa rai.

Sanƙiran bikin ya ɗauki makirufo ya sanar cewa giyar da ke kan kowane tebur kyauta ce daga kakan yarinya, Anatol, daga ma'ajiyar gidan abincin, a tafa masa. Aka tafa. Kakan yarinya, in ji shi, kamar guda ɗaya gare ta. Gavril ya nemi kwalabensa biyu da ido. Ɗaya tana bayan tulun furanni, ɗayar kuma wani ya jingina wayarsa da ita yana ɗaukar hoto.

"Baba, kawo ta in karɓe ka, hannunka zai gaji."

Gavril ya ɗago da sauri. Ba da shi Otilia take ba. Da Anatol take. Ya san al'ada ce, shi ma da Baba yake kiran uban Aksenia har mutumin ya mutu. Amma bai taɓa tunanin yadda kalmar take a kunnen mai ita na asali ba. Anatol ya ce a'a, bai gaji ba, ya gyara wa Otilia gashin da ya sauko mata a goshi, ita kuma ta tsaya ya gyara.

Tanti Frosia ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Gavril, ina taka giyar? Duk ƙauye ya san ka hana mu barci da buge-bugen guduma. Ko ta zama ruwan tsami ne a hanya?"

"Ci abincinki."

"Ina ci. Tambaya na yi. Na ga an kai ta gadin kwat." Ta tura naman da aka naɗe da ganyen kabeji a baki ta ci gaba da magana a haka. "Yaran yanzu kenan. Ka aika su birni su yi karatu, su dawo suna jin warinka. Nawa ma da ya zo ya ce in daina ajiye tafarnuwa a falo."

Tuwon masarar da ke gaban Gavril ya huce bai taɓa shi ba. Yana kallon yadda Sergiu, mijin Otilia, yake raɗa wa ubansa magana suna dariya, da yadda iyayen baftismar, waɗanda suka tsaya wa jaririyar a coci, suke karkata wajen Anatol duk lokacin da ya buɗe baki. Shi ne ya ɗauki Otilia a kafaɗa ya ratsa ƙanƙara da ita zuwa asibiti tana shekara biyar. Shi ne ya koyi kitsa mata gashi bayan uwarta ta rasu. Wannan mutumin me ya yi? Ya sayi gida, ya sayi mota, yau kuma ya sayi suna da teburi da giya.

Jaririyar ta fara kuka, Otilia ta karɓe ta ta shige wani ɗaki na baya don ta ba ta nono. Gavril ya jira ƙofar ta rufe. Ya miƙe, ya laluba aljihunsa ya ji wuƙarsa ta gyaran kuranga, wadda ke da mazarin murfi a gindinta, ya nufi maratayar kwat.

Ya fara da teburin 'yan ƙauye. Ya kankare kakin, ya murɗa, murfin ya fito da ƙara, ƙamshin ya tashi.

"Yauwa! Yanzu aka fara biki!" in ji wani tsoho, yana juye sauran ta Anatol a cikin kofin matarsa.

Ma'aikaciyar mai farin gashi ta iso a tebur na uku.

"Mosh, don Allah ka dakata. 'Yarka ta ce biyu."

"Ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba."

"Akwai kuɗin murfi, Mosh. Kowace ɗaya."

Gavril ya yi dariya, karo na farko a ranar. "Murfin ai nawa ne, 'yar'uwa. Ni na saya, ni na dafa, ni na buga." Sai ya ga kamar ya gane inda ta dosa. Mutanen birni, ko kujera suka ja maka sai an ba su na shayi. Ya zaro 'yar takardar kuɗi ya cusa mata a aljihun riga, ya dafa kafaɗarta. "Ungo. Ki huta, ni zan yi aikin da kaina."

Matar ta tsaya da baki buɗe, ta waiga wajen ɗakin baya, ta waiga wajen teburan. Abin da take bukata mutum ɗaya ne kawai daga cikin baƙin. Mutum ɗaya mai kwat da takardar digiri, ya kama hannun tsohon ya ja shi gefe ya yi masa bayani cikin jimla biyu. Akwai lauya a zauren, akwai malaman makaranta, akwai masu zuwa irin waɗannan wurare duk ƙarshen mako. Sun san kowane murfi da ya fito nawa ne. Suka kalli juna, suka yi murmushi, suka miƙa kofuna. Ba kuɗinsu ba ne, kuma ai rashin ladabi ne a tsoma baki.

Giyar ta karɓu. Baƙa ce wuluk, mai kauri, tana barin launi a leɓe. Uban baftismar ya sha ya lumshe ido ya ce rabonsa da irinta tun kakarsa tana da rai. Wata abokiyar aikin Otilia ta tambayi ko ana sayarwa. Makaɗa suka canja kiɗa zuwa na ƙauye, mata suka tuɓe takalma masu tsini suka kama hannun juna. Gavril yana ta zagayawa, yana murɗawa, yana zarewa, yana cusa murafun a aljihu har kwat ɗin ta kumbura. Ya bar babban tebur sai ƙarshe. Ya ture kwalbar Anatol gefe da bayan hannu, ya dasa tasa a gabansa.

"Surukina, ga maganin ƙauye. Na ji an ce kana fama da baya."

Anatol ya kalli kwalbar, ya kalli akwatunan da suka zama wayam, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu. Sai ya fasa, ya yi murmushi ya miƙa kofi.

Lokacin da Otilia ta fito, ta tarar da ubanta a tsakiyar da'irar rawa, fuskarsa ja, yana buga ƙafa kamar saurayi. Ta ga kwalabe masu bakin kaki a kan kowane tebur. Ta dafa bango.

Rana ta fara karkata sa'ad da mai kula da gidan abincin, wata mata mai tabarau da ake kira Madam Larisa, ta kira Otilia da Sergiu wajen kanta. Gavril ya ga yadda 'yarsa take tafiya, ya bi su yana share gumi.

"Lafiya?"

"Ba komai, Baba. Koma ka zauna."

Amma ya riga ya leƙa takardar. Idonsa bai san sauran layukan ba, sai dai na ƙarshe ya san adadin da ke jikinsa, domin shi ya cika kwalaben da hannunsa. A gaban adadin an rubuta lei ɗari, kuɗin ƙasar, kowace ɗaya. Jimlar ta fi fanshonsa na wata.

"Madam, an yi kuskure. Waɗannan ba naku ba ne. Nawa ne, daga gida na kawo."

"Na sani, Mosh. Ba kuɗin giya ba ne, kuɗin murfi ne."

"To giyata kuke sayar mini?"

"A'a. Kuɗin buɗewa ne."

"Wa ya buɗe?" Ya tura hannu a aljihu ya damƙo murafu ya zube su a kan kantar, wasu suka gangara ƙasa. "Ga su nan. Ki tambayi mutanenki, wa ya taɓa ko ɗaya? Ni na noma, ni na matse, ni na ɗauko, ni na buɗe, ni na zuba. Ke me kika yi?"

Madam Larisa ta cire tabarau. Ba muguwa ba ce, ta gaji ne da maimaita magana ɗaya duk Asabar.

"Kofunan nawa ne, masu wanke su ni nake biya. Kuma duk kwalbarka da aka sha, tawa ɗaya ce ba a sha ba."

"Af, to ki cire kuɗin taki da ba a sha ba."

"Wannan an riga an biya ta bisa yawan baƙi, a sha ko kada a sha."

Gavril ya juya maganar a ransa. "Wato wadda ba a sha ba an biya. Wadda aka sha, tawa ce, ita ma a biya."

"Yana rubuce, Mosh."

Yana rubuce, gaskiya ne: a ƙasan shafin ƙarshe na yarjejeniyar, da haruffan da sai ka kai takardar bakin taga. Babu shi a ƙofa, babu shi a jerin abinci, babu shi a bakin kowa sai bayan an gama sha. Haka ake yi a duk garin, kuma mun amince, muna biya muna gunaguni a mota.

"Baba, ya isa," in ji Otilia. "Na san da shi. Na roƙe ta tun watan jiya, ta yarda in ka kawo tulu za ta lissafa shi murfi ɗaya. Ɗaya tak. Shi ya sa na ce tulu."

Gavril ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Shi ya sa?"

"To don me kake zato?"

"Na ɗauka..." Ya kalli wajen babban tebur. "Kin ce a kai su bayan kwat. Na ɗauka kunyata kike ji a gabansu."

"Kunya?" Ta matso har yana jin numfashinta. "Tun safe nake cika baki a kan giyarka. Na gaya wa kowa a wurin aiki. Na ce su jira su ga tulun babana, wanda Mama ta saƙa wa riga. Sai ka shigo mini da kwalabe kamar na kowa."

"Me ya hana ki gaya mini akwai kuɗi?"

"Don na san ka! Da ka ce za ka biya, ka je ka sayar da akuya don kada Baba Anatol ya ji." Ta share ido da bayan hannu, kwallin ya ɓata. "Da safe ban ji kunyarka ba. Yanzu kam kowa yana kallonmu."

Gaskiya ne. Kiɗan ya yi ƙasa, kawuna sun juyo.

Sergiu ya yi gyaran murya ya ce ba wani abu ba ne, za su cire daga ambulan ɗin da baƙi suka bai wa yarinya. Otilia ta gyaɗa kai ba ta kalli kowa ba, ta buɗe jakarta. Gavril ya ga fararen ambulan ɗin a jere, an rubuta sunan jaririyar a bayan kowanne. Ya laluba aljihunsa na ciki, ko da yake ya san abin da ke ciki: kuɗin bas ne da ɗan abin da zai kai shi ƙarshen wata.

"Me ake ƙullawa a nan ba ni?"

Anatol ne, da kofi a hannu, leɓensa baƙi da giyar Gavril. Ya ɗauki takardar ya duba, ya yi ɗan fito.

"Kai, surukina, ka yi aiki. Ku bar shi, ku mayar da wannan jaka." Ya zaro katin banki ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu. Bai miƙa wa Madam Larisa ba. Gavril yake kallo. "Sai dai in kai ba ka so. Giyarka ce, ba zan shiga gabanka ba."

Gavril ya ji kalmar a'a ta taso masa har maƙogwaro. Yana iya faɗarta. Yana iya cewa giyar gidansa ba ta taɓa bukatar aljihun wani ba, kuma da ya faɗa da Tanti Frosia ta kai labarin ƙauye kafin shi, a ce Gavril bai sunkuya ba. Ya kalli hannun Otilia. Ta riga ta zaro ambulan ɗaya, babban yatsanta yana ƙarƙashin bakinsa.

Ya kama hannun nata ya mayar da shi cikin jakar, ya ja zip ɗin da kansa.

"Ka biya, surukina," ya ce. Da ya ga Anatol ya karkato kunne kamar bai ji ba, ya ƙara da ƙarfi, "Ka biya. Na gode."

Na'urar ta yi ƙara ta turo 'yar takarda. Anatol ya rungumo shi da hannu ɗaya ya bubbuga bayansa, ya ce ai duk gida ɗaya ne. Otilia ta riƙe yatsun ubanta ta matse su, ta buɗe baki, sai uwar mijinta ta kira ta daga can, yarinya ta farka. Ta saki ta tafi tana waigowa.

Kafin Gavril ya kai kujerarsa, wani ya riga ya raɗa wa sanƙira. Makirufo ya yi ƙara.

"Jama'a, ashe baƙar giyar nan da ta tayar da mu rawa, ita ma Anatol ne ya ɗauki nauyinta! Ina tafi?"

Zauren ya ɗauka. Anatol ya ɗaga kofi yana girgiza kai irin na mai kunya, bai gyara maganar ba. Uban baftismar ya taso ya rungume shi, yana tambayarsa a ina ya samo ta. Gavril ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan tebur. Sannan, saboda Otilia tana kallonsa daga nesa da jaririyar a kafaɗa, ya ɗaga su ya tafa tare da kowa.

Har yanzu yana can ƙarshen tebur, kuma bas ɗin ƙauyensu ba ta jiran kowa. Kai ma ka sha, leɓenka ya nuna. Ajiye cokalin nan, ka tashi ka ratsa zauren, ka tsaya a gabansa ka faɗa da muryar da za ta kai har tsakiyar tebur cewa ka san giyar wa ka sha.